Gauɗen Dutsen Zuru da Mai Sandar Ƙarfe

Daga Birnin Kebbi

Da asuba na bar gida, lokacin damina ta fara sauka. Ni mai kula da lambu ne, kuma a gidan wani Bajapane da na yi wa aiki a Kaduna na koyi bonsai, wato rainon itace cikin ƴar tukunya har ya tsufa bai yi tsawo ba. Tsohon abokina Kofur Bawa, soja mai ritaya a unguwar Rikoto ta Zuru, shi ya aiko cewa akwai wani murɗaɗɗen icce a gonarsa, za a sare shi a yi shuka.

Muka bi Jega, muka karya da ƙosai a Koko, sannan muka faɗa hanyar Mahuta. Ramukanta sun isa a binne tunkiya. Sai la'asar muka shiga Zuru, ƙashin bayana kamar ba nawa ba.

Rikoto

Matar Kofur, Maman Rahila, ta sauke ni da tuwon dawa da miyar kuka. Da safe muka hau dutsen da gonar take. Ga iccen a tsagar dutse, bai kai gwiwa ba, amma gindinsa ya yi kaurin damtse.

"Na ce gauɗen kura ne," in ji Kofur.

Na duba ganye uku-uku, na shafa fatarsa mai santsi, na gutsuri ɗansa na ji zaƙi. "Gauɗe ne na gaske, Kofur. Na kura ba ya ciyuwa. Awaki da duwatsu sun hana shi tsawo, sun yi mini aikin shekaru."

Muka haƙa kewaye da shi, muna yanke manyan saiwoyi, muna lallaɓa ƙananan. Muka ɗago shi da dunƙulen ƙasarsa, muka naɗe da jiƙaƙƙen buhu. In ƙasar nan ta rabu da saiwa, iccen ya shiga uku.

Shingen bayan Dabai

A hanyar komawa gida, na rungume shi a cinya cikin motar haya, fijo. Masu kaki suka tsayar da mu, ɗayansu riƙe da sandar ƙarfe.

"Baba, mi ne ne wanga?"

"Itace ne, yallaɓai, zan dasa."

"Duk iccen da ke garinku bai ishe ka ba? Mi ka ɓoye ciki?"

Na ce ya bari in kwance da hannuna. Bai ko dube ni ba. Ya sauke buhun kan titi, ya caka ƙarfen, ya murɗa, ya sake cakawa. Ƙasar ta warwatse kan kwalta, saiwoyin suka fito tsirara cikin rana. Da bai ga komai ba sai ya yi dariya, ya ce wa direba, "Ku tafi." Icce ya rayu a tsagar dutse, wuta da awaki ba su kashe shi ba, sai ƙato mai albashi!

Wata mata a motar, mai kai doya Koko, ta cire mayafinta, ta juye masa ruwan gorarta, ta miƙo mini. "Naɗe shi, Baba, ka bar faɗa."

Gida

Na dasa shi da magariba, na ajiye a inuwa. Ganyensa duk ya zube. Kullum ina kankare ɓawon da farce, har yau kore nake gani, don haka ban fid da rai ba.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya. Na gode wa Kofur da iyalinsa, da baiwar Allah nan da ban ko tambayi sunanta ba. Shi kuwa mai sandar ƙarfe, ban yafe ba tukuna. Ina jiran abin da iccen zai yi.