Gona Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Shekarun baya can, cikin alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai, ina ƙaramin ma'aikaci a sashen binciken noma na wata jami'a, aka turo mu Kadawa mu gano abin da ke kashe tumatir a gonakin rani. Ganye sai ya yi rawaya ya yi yaushi, manomi ya yi ta feshin magani a banza. Muka bi gonaki tsakanin Kura da Bunkure muna ɗibar ƙasa da saiwa muna ɗaukar hoto. Kowace gona muka ba ta lamba, don a ƙa'idar aikinmu ba a faɗin sunan mai gona.

Abin da muka gano bai da wuyar faɗa: ruwa ne ya yi yawa. Mutanen da suka tashi suna roƙon ruwa, da aka kawo musu kanal har bakin gona sai suka ɗauka yawan ban-ruwa gata ne. Ruwa ya kwanta a gindin shuka kwana da kwanaki, saiwa ta ruɓe. Gonar da ta fi kowace lalacewa kuwa ita ce lamba goma sha huɗu, can farkon kanal inda ruwa ke fara isa.

To, wannan gona ta mahaifin wadda nake nema da aure ce. Dattijo ne da ake tasowa daga ƙauyuka a zo neman shawararsa kan tumatir. Kuma saura 'yan makonni manyana su je wurinsa neman aure. Duk Juma'a sai na je na durƙusa na gaishe shi a ƙofar gida, kaina a ƙasa, maganar tana cina. Ta ina ma zan fara? Surukin gobe, in buɗe baki in ce masa bai iya ban-ruwa ba? Sai in tashi in tafi.

Rannan ogana ya ce a tara manoma a nuna musu sakamakon da majigi, kuma ni zan yi bayani tunda ni ne ɗan ƙasa. Na yi ta kwana-kwana a cire hoton gonar. Ya ce, "Shi ne ma hoton da ya fi nuna ciwon. Wa zai gane? Lamba ce kawai a jiki." Na yarda, don ina son in yarda. Amma satin nan ko abincin kirki ban ci ba.

A wani ajin firamare aka yi taron bayan la'asar. Aka toshe tagogi da tabarmi, aka ta da janareto. Ina ɗaga kai na hango dattijon a layin gaba, an ba shi kujera, sauran suna kan benci. Na fara bayani ina in-ina, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa.

Hoton goma sha huɗu yana hawa bango, ban ma kai ga faɗin lambar ba, wani daga baya ya ce, "Af! Ai gonar Baba ce wannan."

Wani ya amsa, "Ita ce mana. Wa ke ɗaga bakin kwamin ban-ruwa haka in ba shi ba?"

Mu 'yan boko mun ɓoye suna, mun manta manomi ya san gonar maƙwabcinsa kamar yadda ya san fuskarsa. Daga yadda aka ja layi da yadda aka tare ruwa suka gane ta. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, aure ya tafi. Na tozarta dattijo a gaban mutanen da ke ganin girmansa, da hannuna.

Na yi sauri zan wuce hoton, sai ya ɗaga hannu. "Bar shi, ɗan nan."

Ya tashi ya matsa kusa da bango, ya daɗe yana duban baƙar saiwar. Sannan ya ce in ƙarasa bayanina. Na ƙarasa, ban san ma me na faɗa ba. Da na gama ya juyo.

"Wato ciwon a ƙasa yake, ni ina ta fesa wa ganye?"

"Haka ne, Baba."

"Tun yaushe ka san haka?"

Na so in yi ƙarya, Allah bai ba ni iko ba. Na ce, "Wata uku ke nan."

Ya gyara hularsa. "Wata uku. Duk Juma'a kana zuwa ƙofar gidana, ina ce maka ya aiki, kana ce mini lafiya lau. Tumatirina kuwa yana mutuwa."

Ya juya ya fita. A shekarar ko kwando goma bai cire a gonar ba, kuma da na yi magana da wuri da an ceci wani abu.

Makonnin da suka biyo baya na yi su ne a tsorace. Ko sallama aka yi da ni sai in ce saƙon a fasa ne ya iso. Bai iso ba. Manyana suka je, ya karɓe su hannu biyu, ya ba ni 'yarsa. Da rani ya zagayo ya rage ban-ruwa, mutane suka ga gonarsa ta farfaɗo suka bi shi, abin da majiginmu bai iya sa su yi ba.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan nan, kuma duk ɗalibin da ya gano wani abu a gonar mutum nakan ce ya fara zuwa ya zauna da mai gonar kafin ya rubuta ko layi ɗaya. Ni na ɗauka kunya nake ji, ina kare masa mutunci. Daga baya na gane aurena kawai nake karewa. Har Baba ya rasu bai sake ta da maganar ba, jikokinsa ma ba su san an yi ba. Ni ne dai har yau, in aka ce mini ya aiki, sai na ɗan tsaya kafin in ce lafiya.