Batirin Yaya ba shi da laifi

Shekara goma sha ɗaya yayana yana dakon nama a babur, daga mahauta zuwa gidajen abinci, kuma ban taɓa ganin ya wanke akwatin da yake ɗaurewa a bayan sirdi ba. In ka yi magana ya ce ai nama wuta zai shiga. Ni kuwa bakanike ne, shi ya sa duk ƙazantar babur ɗin a hannuna take ƙarewa.

Sitata, wato abin tayar da babur, ita ce ta fara yi masa nawa. In ya danna, sai ta yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta yi shiru. Kik, na tayarwa da ƙafa, kuwa ya karye tun bara. Sau biyu yana sauya batir bai gaya mini ba, sau uku yana makara, har mai gidan abincin da ke ɗaukar rabin kayansa ta ce in ya ƙara ta sallame shi.

Ran nan da safe ya turo babur ɗin rumfata, akwati cike da nama, gumi sharkaf.

"Ƙanina, taimaka mini. Batirin nan ma na banza ne."

Na gwada batir, lafiya lau. Ina cire murfin gefe wani wari ya daki hancina, sai da na ja da baya. Ashe akwatin ya tsage ta ƙasa, jini da kitse suna ɗiga kan wayoyin sitata tun Allah kaɗai ya san yaushe. Sun daskare baƙi ƙirin a kan noti, tsatsa ta cinye bakin waya, ga tsutsotsi suna ta mutsu-mutsu. Ta ina wuta za ta wuce?

"Haba Yaya! Wannan ba gyara yake so ba, wanka yake so. Tir!"

Ina cikin kankarewa ina tofar da yawu, sai ga mai gidan abincin. Ashe Yaya da kansa ya yi mata waya ta zo ta karɓi namanta, don kada a ce ya makara. Ta leƙa ta ga tsutsotsin, ta dubi gindin akwatin, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"A cikin wannan kake kawo mini abin da nake dafa wa mutane?"

Na ɗaure waya, na danna. Bugu ɗaya babur ya tashi. Yaya ya juya da murna zai ce mata ta gani, amma har ta tsallaka titi ko waiwaye babu, naman kuma yana nan a akwati.