Muryar Gwaggo a Gidan Kifi

Baffana yana da tafkunan siminti na kiwon tarwaɗa a kusa da magudanar Bakolori, shi kuma yana zaune a cikin Talata Mafara. Wata bazara famfo ya tsaya ba wanda ya sani, kifi da yawa suka mutu. Sai babban ɗansa ya ɗauko wani mai gyaran lantarki daga Gusau, ya kafa wani ɗan akwati a jikin bango, da layin waya a ciki. Wata 'yar ƙwallo tana yawo a saman ruwa. In ruwa ya ja baya ƙwallon ta sauka, akwatin ya buga wa mutum waya da kansa. Zai fara kiran Baffa, in bai danna lamba ɗaya a wayarsa ba ya kira ɗansa, sannan ni, haka zai yi ta zagayawa har wani ya danna.

Muryar da ta zo da akwatin ta wata Baturiya ce. Baffa ya ce ba zai yarda a riƙa yi mai magana ta hanci a kunne ba. Mai gyara ya ce ai ana iya naɗar muryar kowa. Ni ne na kawo shawarar Gwaggo, yayarsa, wadda ta goye shi yana jariri. Duk garin Alhaji ake ce masa, gemunsa fari fat, amma a bakinta Auta ne.

Na kai mata waya tana tsinke zogale. Ta ce, "Mi zan ce?"

Na ce, "Gwaggo, yadda kike tashinsa yana yaro."

Ta gyara zama, ta ce, "Kai Auta! Kana nan zaune ruwa na ƙarewa? Tashi ka tahi! Danna ɗaya in ka jiya!"

Baffa bai taɓa danna ɗayan nan ba. Da ya ji muryar sai ya miƙe tsaye: "Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ya ƙafar taki?" Kafin ya kai ga tambayar jikoki akwatin ya katse, ya kira na gaba. Mun yi masa bayani har mun gaji. Ya ce ya sani sarai inji ne, amma bakinsa ba zai iya jin muryar Yaya ya ƙi gaisuwa ba.

Ana haka aka sa ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu a Faru, Baffa ne waliyyin ango. Mutane sun cika ƙofar gida, an miƙa masa makirfo zai nema wa yaro aure, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba. Ya ciro don ya kashe, babban yatsansa ya amsa, kuma dama a buɗe yake barin sautinta saboda kunnensa. Lasifikar da aka rataya a bishiya ta ɗauka.

"Kai Auta! Kana nan zaune ruwa na ƙarewa?"

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Baffa kuwa, da makirfo a hannu, ya ce, "Yaya, ina kwana?"

Nan aka fashe da dariya. Wani dattijo daga dangin amarya ya ce, "Alhaji, a ji da ruwan tukuna, amarya ba ta gudu." Ɗan Baffa bai ji tasa wayar ba, tawa ta ɗauki ƙara, na danna ɗaya na sanar da shi, ya hau babur ya nufi Bakolori. Ashe shanun da suka ratsa wurin ne suka tsinke wayar sola mai ba famfo wuta. Ya ɗaura ta, ruwa ya dawo, ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Gwaggo tana cikin gida tare da mata lokacin da muryarta ta faɗo daga bishiya. An ce ajiye kwanon fura ta yi, ta ce wace marar kunya ce take kwaikwayonta a gaban surukai. Da aka tuna mata, sai ta aiko a kira ni. Na shiga ina rarraba ido, na ɗauka faɗa zan sha. Cewa ta yi a sa lambarta a akwatin, ita ce ta farko, tunda maza ba su iya danna ɗaya ba.

Aka sa. Ranar da ya fara kiranta ina wurin. Ta kara waya a kunne, ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, ita ma ba ta danna komai ba. Ta dube ni ta ce, "Matar nan ta yi gaskiya. Kira min Auta in ƙara mai."