Aminullahi Matuƙi da Rantsuwar Kawunsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris na 1998, cikin Zulƙida, Allah Ya karɓi ran Aminullahi, matuƙin ƙaramin jirgin feshi, a gidansa da ke Nasarawa, Birnin Kebbi, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. A kan shimfiɗarsa ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Na faɗi haka ne don masu cewa jirgi ya kashe shi su huta.

Ni ne Hodi na Ambursa, wan mahaifiyarsa, ni na rene shi tun ubansa ya rasu a Argungu ya bar shi yana rarrafe. Ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, aka juya mini, kuma na ce kada a gyara mini magana ko guda.

Da ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma a zaman makoki, wani Abdussamadu, maƙwabcinsa, mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a fadama ba, ya riƙa raɗa wa mutane cewa Aminullahi ya mutu kawunsa na fushi da shi. Maganar ta shiga cikin gida. Ranar addu'ar uku, Munira, babbar ɗiyar mamacin, ta same ni a zaure, idonta jawur, ta durƙusa ta ce, "Kaka, da gaske ne Baba ya tahi ba ka yahe mishi ba?" Mutane sun cika wurin, ban ba ta amsa ba. Yarinyar tana can da wannan dutse a ƙirjinta. Don ita nake rubutu.

Aminullahi, bari in yi da kai, kamar yadda muka saba.

Tun kana yaro hannunka ba ya zama. Rediyona guda ka kwance ta har sau nawa, kullum ka mayar sai wani ƙarfe ya yi saura, amma ta ci gaba da magana. Da ka yi karatu ka zama mai gyaran injin jirgin sama a Kaduna, na ce madalla. Can ka koyi tuƙi a kaikaice, na ɗauka wasa ne irin na samari. Sai shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, hanya biyu ta buɗe maka lokaci guda. Aka ba ka gurbin tafiya ƙasar waje ka koyi ƙera jirgi tun daga zanensa har tashinsa. Wani kamfani kuma ya ce ka zo ka tuƙa masa ɗan jirgin da ke feshin tsuntsaye a fadamun Rima.

Ni ban ga abin shawara a nan ba. Mu mutanen gulbi mun san wanda ya sassaƙa kwale-kwale sunansa na bin kwale-kwalen shekara ashirin, mai tuƙa shi kuwa yau wannan ne gobe wancan. Na riga na zaga kasuwar Argungu, daga 'yan kifi har 'yan albasa, na shaida wa kowa ɗana zai ƙera jirgin sama. Har riga na ba da ɗinki ta rakiya. Sai ga ka a zaurena, ka tuɓe takalmi, ka zauna a ƙasa, ka ce ka zaɓi tuƙi.

Ban manta abin da ka ce ba. "Kawu, in na tahi can, sai in shekara goma ina zana fiffike guda a takarda, wataƙila ban ga ranar da zai tashi ba. Nan kuwa in na tashi da la'asar, da sahe in ga shinkafar mutane tsaye. Ka manta wa ka ɗora bisa rumfar tsaron tsuntsu yana ihu har muryarsa ta dushe?"

Ban manta ba, ni na ɗora ka. Amma wannan ba hujja ba ce, kuma har yau ban karɓe ta ba. Raina ya ɓaci, ga mutane a zaure, ga 'yan kifin Argungu da zan sake haɗuwa da su. Na ce, "Wallahi ba zan ɗaga kai in dubi wanga jirgi naka ba." Ka yi murmushi ka ce, "To, Kawu." Wannan "to" ɗin ya fi komai ƙona mini rai.

Wanda bai noma shinkafa a fadama ba bai san jan-baki ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma idan suka taso sai ka ce hayaƙin gobara, su sauka a gona lokacin da ƙwaya take da ruwa-ruwa, kafin ka juya sun bar maka kara. Mun ja igiya mai gwangwanaye, mun yi majajjawa, mun yi ihu tun kakanni, su ci rabinsu su bar mana rabi idan an yi sa'a. A kakar da ta biyo bayan rantsuwata suka zo da yawan da ban taɓa gani ba. Ina tsaye a gonata gab da magariba, hannuna ya mutu da jan igiya, sai na ji ƙugi daga yamma. Na san kai ne, za ka makwancinsu a duhuwar bakin gulbi. Na sunkuyar da kai na kafa ido a kan yatsun ƙafata.

Ƙugin ya matso. Mutanen gonakin kusa suka fara ihu, "Hodi! Hodi! Shina gaishe ka!" Ashe ka sauko ƙasa-ƙasa, ka karkata fiffike dama, ka karkata hagu, daidai kan gonata. Ban san lokacin da wuyana ya ci amanata ba. Na ɗaga kai har hulata ta faɗa ruwa. Na ga ɗan jirgi rawaya, bai fi motar ɗaukar buhu ba, na ga hannunka ta taga. Aka ce har tsalle na yi. Wannan ƙarya ce, ƙafata ce ta zame a laka.

Washegari na tafi wurin Liman Sirajo na kai ƙarar kaina. Ya ce kaffara ta hau ni, in ciyar da miskinai goma. Aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana. Ana cikin zama sai ga ka a kan babur, ka yi sallama ka ce, "Kawu, ai kai ka ce matuƙin ƙaramin jirgi miskini ne. A sa ni cikin goma." Na ce goma sun cika. Ka wanke hannu ka zauna a bakin tabarma ka ce to kai ne na sha ɗaya. Ka ci malmala uku ina kallo.

Da aka gama aka yi addu'a, na ga kowa na dariya ƙasa-ƙasa kamar an kayar da ni. Ni kuwa ba a kayar da ni a ƙofar gidana. Na miƙe na sake rantsuwar, da kalmominta. Liman ya ce, "Hodi, ka ji tsoron Allah, ba a wasa da rantsuwa." Na ce ba wasa nake ba, wannan karo zan cika. Allah Ya sani da gaske nake nufi, kuma ina roƙon Ya gafarta mini. Makaho Tamba, wanda ke cikin goman, ya lashe hannu ya ce, "Hodi, duk garin nan ni kaɗai ke iya cika wagga rantsuwa taka. Ka ba ni ita riƙo, ka huta."

Haka muka yi ta yi, kaka bayan kaka. Na gwada malafa mai faɗi, iska ta ɗauke ta. Na gwada shiga bukka, sai na tsinci kaina ina leƙe ta ɓular rufi. Wata shekara na tafi Argungu gidan ƙanwata don kada in ji ƙuginka, ashe ranar makwancin da ke can aka tura ka. Har ta kai idan shinkafa ta fid da kai, Tamba da abokansa sukan zo su tambaye ni, "Yaushe jirgi ke zuwa? Mun kwana biyu ba mu ci kihi ba." Kai kuma ba ka taɓa fashin bakin tabarmar nan ba, kuma ba ka taɓa kai labarin birni ba. Ka ce mini, "Kawu, can ana ganin girmanka, a bar shi a Ambursa." Shi ya sa su Abdussamadu ba su san komai ba sai faɗan da suke ji.

Ba ni kaɗai na san halinka ba. Kafin ka yi feshi, sai ka hau babur ka bi rugage da masunta da kanka, kana faɗa musu su janye shanu, su rufe rijiya, kada kowa ya tsinci mataccen tsuntsu ya soya. Mutanenmu na son naman jan-baki, ka sha zagi a kan haka, ka shanye. An taɓa matsa maka ka fesa wani makwanci da ke kusa da mashayar dabbobi, ka ƙi, ka ce sai dai a nemi wani matuƙin. Aka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe aka jira har makiyaya suka tashi. Ardon wurin ya kawo maka ƙwaryar nono har Nasarawa, ka sa aka raba wa maƙwabta, har da Abdussamadu.

Akwai ranar da injin ban-ruwan Laure, gwauruwar da ke noman albasa a bayan gonata, ya ƙi tashi. Ka zo gaishe ni da farar rigarka ta aiki, ka ji labari, ka durƙusa cikin taɓo ka kwance shi ka ɗaura, ya tashi yana tari kamar tsoho. Na ce, "Ka gani? Wanga hannu na maƙeri ne, ka kai shi tuƙi." Ka goge baƙin mai a wandonka ka ce, "Kawu, da na tahi ƙera jirgi, yau wa zai tayar da injin Laure?" Kullum kana da amsa. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da shi.

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar Sallah ne, a zaurenka. Na yi maka faɗan da na saba a gaban baƙi, na ce ka zubar da gurbin da 'ya'yan manya ke nema ido rufe. Ka ce, "To, Kawu," ka cusa mini goro a aljihu. Abin da Abdussamadu ya ji ke nan ya ɗauka gaba ce. Mutumin da ba a taɓa yi wa faɗan ƙauna ba, ina zai gane shi?

Yanzu ke, Munira, jikata, buɗe kunnenki. Ubanki bai tafi da fushina ba. Fushin ya faɗa ruwa tare da hulata tun kakar farko, abin da ya saura gardama ce, ita kuwa abincinmu ce ni da shi. Ban ga laifin da ya yi mini da ke neman yafiya ba. Amma tunda kin tambaya, kuma tunda an kai maganar kasuwa, to ga ta a rubuce kowa ya karanta: na yafe wa Aminullahi duniya da lahira, na yarda da shi, ina alfahari da shi. Ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai kamar ɗan jirgin nan yana karkata a kan gonata ba. Har gobe ina cewa da ya tafi ya koyi ƙira da ya fi, kuma idan Allah Ya haɗa mu zan maimaita masa. Wannan tsakanina da shi ne, ba ruwan kowa.

Rantsuwar da na sabunta bara tana kaina. Bana zan cika ta, ba malafa, ba bukka, kuma ban taɓa sanin cika alkawari na da ɗaci haka ba. Amma na gaya wa Tamba kada ya damu. Idan shinkafa ta nuna za a tuƙa tuwo a kira goma, sadaka ga ubanki. Ki zo da ƙannenki, bakin tabarma naku ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, ƙanwata, a Argungu, da matarsa Jannatu wadda ta yi jinyarsa da haƙuri, da Munira da ƙannenta, da abokan aikinsa, da manoman fadama tun daga Ambursa har Argungu waɗanda suka ci shinkafarsu saboda shi. Abdussamadu ma ina yi masa, maƙwabci ne, ya yi rashi, sai dai ya riƙa tambaya kafin ya yi magana.

Ya Allah Ka jiƙan Aminullahi, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Yadda ya tsare abincin bayinKa, Ka tsare shi daga azaba. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka raya abin da ya bari bisa tafarkin gaskiya, Ka ba mu haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Hodi Ambursa,
kawunsa.