Girgiza da Fitilar Mai

Girgiza ake ce masa a asibitin, sunan kuma ya bi shi har gida, don ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Shekara talatin da ɗaya yana masinja. Takardu, allurai, sakamakon gwaji, har jini in ta ɓaci, duk a bayan baburinsa suke isa ƙananan asibitocin bayan gari. Kafin ya tashi sai ya rungumi tanki kamar mai lallashin jariri, ya girgiza, ya kara kunne. "Lita biyu da 'yan kai," in ji shi. Bai taɓa kuskure ba, a faɗarsa. Waɗanda suka sha taya shi turi dai ba a tambaye su ba.

Tsohon baburin mai kunya ne. In mai ya ja baya sai ya yi tari, ya yi gyaran murya, Girgiza ya zura hannun hagu ƙarƙashin tanki ya murɗa ɗan makunni zuwa rizab, ragowar man da ke ɓoye ya sauko, tafiya ta ci gaba. Haka suka tsufa tare, kowa ya san ƙaryar ɗan'uwansa.

Sai asibiti ya sayo sabo, baƙi wuluk, mai sheƙi. Bakaniken asibitin ya zagaya da shi.

"Baba, wannan ba shi da kabureta. Famfo ne a cikin tanki ke tura mai. Babu makunni, babu rizab. In fitilar nan ta kama, ka nemi gidan mai."

"Bayan ta kama, kilomita nawa zai yi?"

"Ya danganta. Hawa na shan nasa, yashi na shan nasa, iska ma haka. Kuma ba ya dogon tari. Ɗif yake yi."

"Kai, ina kan babur uwarka ta yaye ka."

"Shi ya sa nake faɗa maka da ladabi, Baba."

Girgiza ba ya karɓar karatu daga wanda gemunsa bai gama fitowa ba, sai ya yi nasa gwajin. Ya bar fitilar ta kama, ya yi ta yawo a cikin gari, kan kwalta shimfiɗaɗɗiya, har kilomita arba'in da biyar, babur bai ce uffan ba. Daga ranar ya riƙe lambar kamar shi ya haife ta. Matarsa ta ce, "Malam, kai da ka ce ido ya fara yi maka hazo, ka cika tankin mana ka huta." Ya ce mata ta kula da tukunyarta.

Ran nan bayan azahar waya ta zo daga wani ƙaramin asibiti a bayan tsaunuka. Wata mata ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, motar asibiti kuma tana kan jak babu ƙafa ɗaya. Sista ta fito da gudu da akwatin ƙanƙara, leda biyu na jini a ciki, ta ɗaure masa da hannunta.

"Baba, ungozoma ta ce awa ɗaya, in Allah ya taimaka. Kana da mai?"

"Ni kike tambaya?"

A bakin get fitilar ta kama. Ya gan ta sarai. Tafiyar kilomita talatin da takwas ce, shi kuwa yana da arba'in da biyar a kansa. A gidan mai na ƙarshe motoci shida ne a layi, famfo ɗaya ke aiki. Ya rage gudu, ya dubi layin, ya tuna matar da ke kwance, ya murɗa ya wuce. Ba don mugunta ba. Minti goma ya so ya saya mata.

Kwalta ta ƙare, yashi ya karɓa. Giya ta biyu, injin na kuka, iska na dukan ƙirjinsa. Gidaje suka ƙare, gonaki suka ƙare, sai duwatsu da ƙaya. Babu babur gaba, babu baya. Fitilar da ke tsaye ta fara ƙiftawa, abin da bai taɓa gani ba a gwajinsa na cikin gari. Ya daina kallonta.

A tsakiyar hawa na uku babur ya yi shaƙuwa sau ɗaya. Hannun hagu ya sauka da kansa, ya lalubi ƙarƙashin tanki, ya tarar da roba sumul. Injin ya ɗauke.

Ya kwantar da baburin gefe don ragowar mai ya gangaro, ya ɗaga, ya murɗa makulli. Famfon ya yi ɗan zuuu na abin da ke tsotsar iska. Ya sake. Ya sake. Shiru ya sauko a kan tsaunin, har yana jin ƙanƙara na motsi a cikin akwati.

Ya kwance igiya, ya ɗora akwatin a ka, ya fara hawa da gwiwoyin ɗan sittin da uku. Bai yi taku ɗari ba waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ungozoma ce.

"Baba, kana ina? Idonta ya fara juyawa."

Bakinsa ya buɗe zai ce ga shi nan kusa, kamar yadda kowane mai babur ke cewa. Ya dubi hanyar da ta miƙe fayau a gabansa.

"'Yata, saura tara. A ƙafa nake. In akwai mai keke a wurinku, ki turo shi ya tare ni."

Can bayan ungozomar yana jin jariri na tsala kuka, wata tsohuwa kuma tana ta kiran sunan mai jegon, tana sake kira.