Buhun Barcin da Na Zaɓa a Kasuwar Gaya

A shekarar da na gama karatun koyarwa, tun Faransawa na mulki, aka tura ni Bengu in nemi yaran da za a buɗe lakwal, wato makarantar boko, da su. An faɗa mini samunsu yana hannun mai gari, kuma dattijo ne mai lura da ladabin baƙo.

Kafin in tashi na je kasuwar Gaya wurin wani tsohon soja mai sayar da kayan bariki. Yana da buhunan barci irin na sojoji, waɗanda mutum ke shiga a ja zik a rufe. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ina jan zik sama da ƙasa ina saurarensa, har na sami wanda ba ya cijewa.

Ya ce, "Mushe," yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, "shiga ka gwada."

Na ce, "Baba, mai ilimi ba ya kwanciya a kasuwa."

A Bengu, bayan sallar asuba, sanyin fadama ya sauko. Na shige buhun a zaure, na roƙi mai masaukina ya ja zik ɗin har haɓata. Ya ja, ya tafi gonar shinkafa. A nan na gane mariƙin zik ɗin ta waje kawai yake, hannuwana kuwa suna ciki.

Da hantsi mai gari ya yi sallama, dattawa biyu na bayansa. Ya kamata in miƙe in durƙusa. Na yunƙura, na mirgina, na dangana da takalminsa.

Bai nuna ya ga wani abu ba. Ya zauna a ƙasa, ya tambayi gajiya, da iyayena, da mutanen Gaya, ina amsawa a kwance. Katse gaisuwar babba ba ladabi ba ne, shi ya sa na jira ta ƙare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma a buɗe ni."

Ya buɗe da hannunsa, ya sake rufewa don ya ga yadda abin yake, sannan ya buɗe.

Ya ce, "Yaron da ya amsa gaisuwa har ƙarshe a ɗaure yana da tarbiyya. Za a ba ka yara. Amma iyayensu mata za su tambaya, su ma yaran haka ake ajiye su a lakwal?"