Mai Ƙirga Hayaƙin Maƙwabta

Ni dai da kishina aka haife ni, ban taɓa ɓoyewa ba. A gidanmu na Digil, da an idar da magariba, kakarmu Dada takan tara mu a bakin murhu tana gasa masara. Hajara, 'yar kawuna, ita ke kwanciya a cinyarta. Ni kuwa ina gefe, ina auna tsawon masarar kowa da ido.

Dada sunayenmu take raɗa wa mutanen tatsuniyarta. Kullum Hajara ce kyakkyawa mai haƙuri. Ranar da nawa sunan ya fito, wallahi da ma bai fito ba.

"Ga ta nan ta iso, ku buɗe kunne," in ji ta. Wai a shekarar agana kowa ya rufe ƙofarsa, ba mai shiga gidan wani. To akwai wata Jummai, kullum sai ta hau kan rumbu tana leƙen hayaƙin maƙwabta, don ta ga wa ya fi su girki. "Kai, wannan hayaƙin nama ne! Ina suka samu?" Da muryata Dada ta faɗa, yara suka tuntsire da dariya. Wata safiya Jummai ta ƙirga, hayaƙi ɗaya babu, na wata tsohuwa a bakin mayo, wato kogi. Ta yi ta ihu har aka ɓalle ƙofa, aka sami tsohuwar da sauran numfashi.

Ƙarshen bai dame ni ba. Dariyar kawai na ji, na tashi ina kumbure-kumbure.

Shekarar korona ta same ni a cikin Mubi, Dada ta daɗe da rasuwa. An rufe kasuwa, an hana biki, keken ɗinkina ya yi shiru. Hajara kuwa ta zama nas, duk wanda ya kira ni sai ya sa mata albarka. Ni fa? Ina zaune ina tambayar kaina ko ina da wani amfani a duniya. Aikina leƙe ta taga: wa ya sayo kaza, wa ya tada janareto.

A haka na lura maƙwabciyata Mama Rifkatu, 'yar Michika mai zaman kaɗaici, kwana biyu ba ta yi shanya ba, ita da ba ta fashin wanki. Na buga ƙofa, shiru. Na kira Hajara, ta zo muka tura ƙofar. A ƙasa muka same ta, zazzaɓi ya kayar da ita, ko ruwa ta kasa kai wa bakinta.

Da Mama Rifkatu ta warke, sai ta kai wa Hajara ƙwaryar gyaɗa, ba ni ba. Na ji haushi, na kuma faɗa.

Hajara ta ce, "Haba Yaya Jummai, ni magani na sani. Duk unguwar nan wa ya san ba ta yi shanya ba?"

Na daɗe ina juya maganar nan. Ashe duk shekarun da Hajara ke kan cinya, ni Dada take kallo. Ta san idona ba zai gyaru ba, sai ta nema masa aiki.

Amma gyaɗar dai, har gobe ina ganin rabi nawa ne.